Ƙyalle Ɗaya Kowace Kasuwa

Rannan na bi ta layin teloli a kasuwa, sai na ga wani ya tattara ƙyallayen da suka zuba ƙarƙashin kekensa ya tura su kwata da tsintsiya. Atamfa ce sabuwa fil, da guntayen shadda, har da leshi mai duwatsu. Na ja na tsaya na ce, "Kai, malam tela, ba ka tsoron Allah?" Ya dube ni yana dariya, wai, "Hajiya, shara ce fa." Shara! Na yi ta juya kalmar a raina har na iso gida. Yanzu bargo a jakar leda yake zuwa, ga laushi kamar bayan kyanwa, an zana masa damisa ko fure, ka saya bana, baɗi ya lalace ka yar ka sayi wani. Ba ka san wanda ya yi shi ba, shi ma bai san ka ba. Ban ce ba shi da ɗumi ba, yana da shi. Amma mu da muka tashi a gidan da ko zare ya zare daga bakin zani sai an naɗe shi a tsinke an soke a jikin zana, abin yana yi mana ciwo, kuma bakinmu ba ya iya shiru.

A hannun Goggo na tashi, yayar mahaifina, domin ni ce 'yar fari, kuma a zamaninmu uwa ba ta riƙe ɗanta na fari, kunya ba ta bari. Ƙauyenmu yana bakin kogi, gabas da Haɗeja, inda in damina ta yi nisa sai da kwalekwale ake zuwa gaisuwa ƙauyen da ke kusa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙarar wurin. Tun gari bai gama wayewa ba taɓarya take fara amsa wa taɓarya, gida gida, 'yan mata suna lugude. Can a ruwa masunta sun kife a kan gorunansu suna bugun ruwa, kirinjijiya tana wucewa sama da kukanta, in kuwa shinkafa ta fara nuna sai gwangwanaye da ihu su cika fadama ana korar tsuntsayen nan jan-baki. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa. Ki ɗebo ruwa, ki kankare kifi ƙarfasa, ki hura wutar banda har idonki ya kaɗa ya yi ja, ki tsinko bado, ki dawo ki juya shinkafar da aka turara aka shanya. Yau in kin je wurin ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwan, ta fi mutum tsawo, abin da kunnenki zai ji kuwa injin ban ruwa ne yana tatata daga safe har yamma. Masu luguden nan duk mun tsufa, jikokinmu ba su san yadda ake jefa taɓarya a tafa a cafe ba.

Goggo tana da wata ɗabi'a da ba kowa yake da ita ba. Duk ranar da kasuwar Haɗeja ta ci, bayan la'asar, sai ta janyo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado, ta zauna a inuwar ɗaki, ta ɗinka ƙyalle ɗaya, faɗin tafin hannu, a jikin wani bargo da take haɗawa. Ɗaya tak, ko da kuwa ƙunshin cike yake. Kuma ba kowane ƙyalle ba, sai wanda makon ya zo da shi. Takan ce min, "Ke, tashi ki nemo min abin da makon nan ya bari." In an yi suna, sai ta yanko bakin tsumman jaririn. In wani ya dawo daga fatauci, sai ta roƙi guntun abin da ya ɗaure kayansa da shi. Goggo ba ta san baƙi ba ko na allo, amma in ta shimfiɗa bargon nan sai ta bi shi da yatsa tana faɗin makon da guguwa ta ɗauke rufin rumbu, da makon da aka kama tarwaɗar da sai da mutum biyu suka ɗauko ta. Mata suna yi mata tsiya, wai ta tara tsummokaran duniya tana kwana a ciki. Sai ta ce, "Ku bar ni da kayana, ai ba a ɗakinku nake kwana ba." A gefenta na koyi riƙe allura, kuma rankwashin da na sha a kan ɗinki mai faɗi har yau in na tuna sai na shafa kaina.

Ina amarya a gidan mijina Malam aka ɗauke Goggo. Ɗanta ya samu buɗi a cikin gari, ya gina gida da bulo, ya ce uwarsa ta gama wahala. Wallahi don ƙauna ya yi, ba wanda zai ce ba haka ba. Aka sa ta a mota aka bar bargon a ƙauye, wai tsumma ne, an saya mata sabo. Da na je gaishe ta na same ta zaune a bakin gadon ƙarfe, an yi mata wanka an shafa mata turare, hannuwanta biyu ajiye a cinya. Ta miƙa hannu za ta ɗauki tsintsiya sai aka fizge, "Haba Goggo, ki huta mana." Ta tashi za ta leƙa murhu aka ce hayaƙi zai dame ta. Da aka fita aka bar mu ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, sun hana ni komai. Ko ruwan alwala sai an zubo min." Matar da take tuƙa tuwon mutum goma tana faɗa da masunta a kan kifi, ga ta nan muryarta ta koma ta marar lafiya alhali ba abin da yake mata ciwo. Damina ba ta zagayo ba ta rasu. Ajali ne, na sani, ba mai wuce ranarsa. Amma ni na ga abin da na gani da idona, kuma tun ranar nake tsoron kalmar "huta" fiye da tsoron ciwo.

Shekaru suka tafi. Mu ma muka dawo cikin garin Haɗeja, Malam ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya suka watse, na zauna ni kaɗai a gidana ina dafa abina ina share tsakar gidana. Sai wata safiya, bayan babbar salla da 'yan kwanaki, ludayi ya suɓuce daga hannuna na dama, na sunkuya zan ɗauka hannun ya ƙi. Hawan jini ne ya taɓa min ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, ƙafa ta dawo da wuri, baki ma bai karkace ba, da ma shi ba mai iya karkatar da shi. Hannun ne dai ya zama kamar na aro.

Da aka sallamo ni daga asibiti ɗana na fari ya zo daga Kano. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa faɗa ba. Yadda aka yi min haka na yi masa: yana yaye mahaifiyata ta ɗauke shi, a can ya girma cikin ƙannena, shi ya sa har yau da furfura a gemunsa "Yaya" yake ce min yadda ya ji suna faɗa. Ba na kallon idonsa, ba na yi masa magana kai tsaye, sai dai in gaya wa wanda ke kusa ya gaya masa. Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, autata tana gefena, ya ce, "Yaya, na gyara miki ɗaki a gidana. Akwai fanka, banɗaki a ciki, ga mai aiki. Ba abin da za ki ƙara taɓawa." Sai na ga Goggo a bakin gadon ƙarfen nan kamar jiya.

Na ce wa Auta, "Gaya masa a ba ni shekara."

Ya ce, "In hannun bai dawo ba fa?"

"Gaya masa in bai dawo ba ni da ƙafata zan shiga motar."

"To da me za a gane? Ni ina Kano, in na tambaya cewa za a yi lafiya lau."

Sai bakina ya riga ni. "Gaya masa duk ranar kasuwa zan ɗinka ƙyalle ɗaya da wannan hannun, ba mai zura min zare, ba mai riƙe min. Ke kuma ki ɗauki hoto a waya ki aika masa. Ranar da kasuwa ta ci ta watse ban ɗinka ba, ya zo ya ɗauke ni." Ya amince, kuma na ji a muryarsa yana ganin wata guda ma ba zan kai ba.

Kai, makon farko na ga ta kaina! Tun hantsi nake fama da kafar allura, zare ya je ya goce, ya je ya goce, allura ta faɗi in lalubo ta da hagu. Maƙwabciyata Yagana, Babarbariya ce mai bakin tsiya, ta leƙo ta katanga ta ce, "Ke tsohuwa, kawo in zura miki, wa zai sani?" Na ce, "Ni zan sani." Ta ce, "To zauna nan, sai kasuwar baɗi." Sai da aka kira azahar zaren ya shiga, na yi hamdala kamar wadda ta sauke farali. Ƙyallen farko daga zanin da na yi jinya da shi na yanko, ɗinkin kuwa ya fito kamar sawun kaza a kan gari, nan faɗi nan tsuke. Auta ta ce, "Inna, bari in ɗan gyara kafin in ɗauka, zai ce ba ki warke ba." Na ce, "Ai ban warke ba ɗin. Ɗauki a haka." Na yi kuka bayan ta tafi, ba na ɓoye wa kowa, amma an ɗauki hoton an aika.

Da farko don in tsira da ɗakina nake yi. Ban san lokacin da abin ya koma min yadda yake wa Goggo ba, har na wayi gari tun ranar Laraba ina tunanin abin da makon zai bari. Makon da na iya ɗaura ɗankwalina da kaina na yanko bakinsa. Makon da aka yi bikin jikar Yagana na sa guntun ankon, ja mai ƙyalli, wanda na ce mata ko a kyauta ba zan ɗaura ba, ta ce ai da ma fuskata ba ta kai ba. Lokacin girbin alkama wani ɗan'uwan Malam ya kawo min kwano guda ɗaure a tsohon rawani, na sa rawanin. Akwai fari sol guda ɗaya, ragowar alawayyon da aka yi wa wata ƙawata sutura da shi, mun yi lugude tare da ita muna 'yan mata. Ranar nan da ƙyar na ga kafar allura, kuma ba laifin hannu ba ne. Akwai makonnin da ba abin da ya faru, ba wanda ya zo, ba wanda ya buga waya, sai ni da kaji. Su ma ban tsallake su ba, na yanko musu tsohon labule mai launin toka, don zaman kaɗaici ma yana cikin abin da na zaɓa kuma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. A hankali ɗinkin ya fara tsukewa yana miƙewa, na fara riƙe muciya, na fara tsinke zogale.

Sai damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya fara lasar bakin gari. Wanda bai zauna a Haɗeja ba ba zai san yadda gari yake zama a irin kwanakin nan ba. Kowa kunnensa yana wajen jinga, wato tudun da ake yi da buhunan yashi don tare ruwa, maza suna can dare da rana. Sabbin buhuna suka ƙare, aka kwaso tsofaffi daga wajen masu casar shinkafa, duk huji, aka zube wa matan unguwa a toshe. Na ɗauki basillata na fito ƙofar gida na zauna cikinsu. Muna cikin haka da yamma sai ga mota ta tsaya, taya duk laka. Ɗana ne, ya ga hotunan ruwan a waya, ya baro aikinsa ya taho.

Ya durƙusa ya gaishe ni ya ce, "Yaya, wannan ba maganar alkawari ba ce, maganar rai ce. Tashi mu tafi, in ruwa ya janye sai a yi magana."

Na san in na shiga motar nan ba za a ƙara wata magana ba. Na ce wa Yagana, "Gaya masa kasuwa ba ta ci ba tukuna, kuma ba a bi na bashin ƙyalle ko ɗaya."

Yagana ta ce, "Ni na gaji da zama tafinta. Ga ka ga ta, kunnenka ya ji."

Ban ɗago ba, na ci gaba da aikina. Basilla ba allura ba ce, sai ka danna da ƙarfin tafin hannu kafin ta huda buhu ninki biyu, kuma da damar nan nake dannawa. Na ji ya daɗe a tsaye yana kallo. Can sai na ga takalmansa a gefen tabarma, ya naɗe ƙafar wando, ya miƙa wa Yagana hularsa, ya saɓi buhunan da muka gama ya bi maza zuwa jinga. Kwana biyu ya yi yana ɗaukar yashi, mutumin da ko jakarsa direba ke riƙe masa, ya koma Kano da ciwon baya ba tare da ni ba. Allah ya sa jingar unguwarmu ta riƙe. Makon nan kasuwa rabi da rabi ta ci, ni kuwa na yanko guntun buhu na ɗinka a tsakiyar atamfofina. Shi ne mafi muni a bargon duka, kuma shi na fi nuna wa baƙi.

Da watan babbar salla ya kama na ɗinka na ƙarshe. Na ɗauko tsohon gwadon Malam na yi masa baya, na shimfiɗa auduga a tsakani, na bi shi layi layi da ƙananan ɗinki irin wanda Goggo ba za ta yi rankwashi a kai ba. Washegarin salla ɗana ya zo da matarsa. Na sa Auta ta shimfiɗa bargon a tsakar gida kan tabarmi, Yagana ta shigo ba wanda ya kira ta. Ya tsuguna daga kusurwar farko inda sawun kazar yake, yana bi da yatsa yana tambaya, ni kuma ina gaya wa Auta tana maimaitawa, har dai ta gaji ta bari, ina faɗa wa iska yana ji. Da ya zo kan masu launin tokar nan ya ce, "Waɗannan fa? Na ga suna da yawa." Na ce makonnin da ba kowa ne.

Sannan ya ce, "Yaya, na janye maganata. Hannu ya dawo, ki zauna ɗakinki." Wani daɗi ya ratsa ni tun daga ka har ƙafa, Yagana ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Na yi nasara, kuma da hannuna na yi ta, ba wanda ya zura min zare ko sau ɗaya. Amma bai tashi ba. Kansa yana sunkuye kan bargon ya ce, "Sai dai ni ba don hannun kaɗai na so ki zo ba. Na haura hamsin, ban taɓa tashi da safe na ji motsinki a gidan da na kwana ba. Da ciwon ya zo na ce to, ga dalili ya samu."

Innalillahi. Shekara guda ina yaƙi da mutum ina zaton so yake ya ajiye ni kamar kaya, ashe uwa yake nema. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Naɗe bargon ka sa a mota, naka ne. Zan biyo ka in ga yadda ya zauna a gadon, in yi mako biyu in dawo. Amma ka gaya wa mai aikin nan ni zan yi miya." Sai da na rufe baki na lura ban ce "gaya masa" ba.

Na je Kano a matsayin baƙuwa, mabuɗin ɗakina ɗaure a bakin zanina. Kullum da safe ni nake fara tashi, in yi ta ƙarar kwanuka da gangan don ya ji. Da kwanakina suka cika ya dawo da ni har ƙofar gida, na buɗe ɗakina, na hura wutata. Yanzu haka muke yi, in je in dawo lokacin da na ga dama. Rannan matarsa ta bugo min waya tana dariya, wai in yi masa magana, ana zafin bazarar nan da ko zani ba a iya rufa da shi, shi kuwa sai ya kunna fanka ya ja bargon nan har wuya. Na ce mata ta ƙyale min yarona.